Gida Ashirin da Ɗaya

Shekara goma sha ɗaya Ja'afaru ya yi yana gyaran injin saƙa a wata masaƙa da ke Kaduna. Ranar Asabar da yamma yake dawowa gida birnin Zariya, ya koma Litinin da sassafe. Saboda haka ranar wata Laraba a cikin 1988, da matarsa Rahmatu ta taso daga makarantar firamaren da take koyarwa ta tarar da akwatinsa na ƙarfe a tsakar ɗaki, ga katifarsa a naɗe a kai, ba ta buƙaci dogon bayani ba. Yana zaune a bakin gado, ko hula bai cire ba. Ya miƙo mata wata takarda mai layi biyar. An rubuta cewa saboda ƙarancin auduga da tsadar kayan gyara, kamfani ya rage ma'aikata, ana kuma yi masa godiya.

Ya ce, "Kada kowa ya ji. Ko Yaya Jumare. Duk wanda ya tambaya, ki ce hutu nake yi."

"Malam, hutun kwana nawa zan ce?"

"Ki dai ce hutu."

Ta yi masa alkawari. Hutun nan ya kai wata bakwai.

A cikin watannin nan Ja'afaru ya zama wani mutum daban. Da, mai fara'a ne, in ya dawo ranar Asabar sai ya zauna a dakalin ƙofar gidan wansa Malam Jumare, inda dattawan unguwarsu ta Magajiya ke hira bayan la'asar, yana ba su labarin Kaduna suna dariya. Yanzu ko ƙofar gidan ba ya bi. In zai fita, ta lungun baya yake zagayawa. Ya daina salla a masallacin unguwa, sai ya taka har wani ƙaramin masallaci can kusa da Ƙofar Kuyambana, inda yake ganin ba wanda zai tsare shi da tambaya. Ya je neman aiki Kano sau biyu, ya je Funtuwa, ya dawo. A gida kuwa, ƙaramin abu sai ya tayar masa da rai. Yara suka koyi rage murya in yana ɗaki. Rannan Rahmatu ta kawo masa tuwo, ya dubi kwanon ya ce, "Abincin albashinki ne wannan." Ya ture shi gefe, ya kwanta ya juya fuska bango.

A lokacin Rahmatu tana zuwa ƙaro karatu a kwalejin horar da malamai, Juma'a da yamma da kuma Asabar. A cikin darussan akwai nazarin zamantakewa, wanda ɗalibai ke kira Soshiyoloji. Mai koyar da shi wata mace ce 'yar Wusasa, Malama Ladi, gajeriya mai farin gilashi, wadda ba ta cika karanto littafi a aji ba. Ta fi son ta yi tambaya ta tsaya tana jira har sai shirun ya dami mutane.

Wata Asabar ta zana ɗigo ɗaya a allo, ta ce, "Ga gari guda, mutum ɗaya ne a cikinsa ba shi da aiki. Me za ku bincika?"

Wani ya ce, "Shi mutumin. Ko rago ne, ko ba shi da lafiya."

"To." Ta cika allon da ɗige-ɗige har allin ya karye. "Yanzu fa? Mutum ɗari biyar, a shekara guda. Duk rana ɗaya suka zama ragwaye?"

Aka yi dariya. Rahmatu ba ta yi ba.

Malama Ladi ta ce, "Na farko damuwar mutum ce, ta ƙashin kansa. Na biyu matsalar al'umma ce. Wanda abin ya sama, a jikinsa duk iri ɗaya yake ji, don shi ɗigonsa kaɗai yake gani. Aikinmu shi ne mu ja da baya mu ga allon gaba ɗaya, mu tambayi wane tsari ne ya canza a sama da su: kasuwa, ko doka, ko farashi."

Daga nan ta shiga bayanin matsayi. Ta ce kowane mutum yana da mazauni a cikin jama'a, maigida ko uwa ko liman, kuma kowane mazauni yana tafe da abin da ake sa ran mai shi zai yi. In mutum ya kasa yin abin, ko da ba laifinsa ba ne, jama'a sukan liƙa masa suna. "Wannan sunan shi muke kira tambari. Sau da yawa tsoron tambarin ya fi ainihin matsalar cin mutum. Sai ya ɓuya. In kowa ya ɓuya, sai kowa ya zaci shi kaɗai ne."

Kafin a tashi ta ba su aiki. Kowa ya shiga gida ashirin a unguwarsu, ya tambayi wa ke aiki, wane iri, tun yaushe, me ya canza a shekara biyu da suka wuce. Ta kafa sharaɗi uku: a nemi izini, kada a rubuta sunan kowa, abin da aka ji a wani gida kada a kai shi wani gida.

Rahmatu ta sayi littafi mai layi, ta ja ginshiƙai da rula. Kullum bayan la'asar sai ta yafa mayafi ta shiga gida biyu ko uku. A unguwar aka haife ta, ba gidan da ba a san ta ba. Ana shimfiɗa mata tabarma, a kawo ruwa, a tambayi yara. Da ta buɗe littafi sai fuskoki su canza.

"Maigidan? Yana nan yana aikinsa, alhamdu lillahi."

"Ba abin da ya canza?"

"Sai alheri."

Gida tara ta shiga, amsar ba ta sauya ba. Ta koma wurin Malama Ladi a ofis ta ce mata da alama unguwarsu ba ta da matsala.

Malama Ladi ta duba littafin ta mayar mata. "Wannan abin da kunnenki ya ji ne. Idonki fa, me ya gani?"

Rahmatu ta yi tunani. Ta ce ta ga kusan kowane gida mata suna aikin allura, suna ɗinkin hula da aikin wuyan babbar riga, har waɗanda ta san da ba su taɓa yi ba. Ta ga an rage tukunya. Ta ga wurin da keke ke jingine a wani zaure, yanzu ba keken.

Malama Ladi ta ce, "To kin ga unguwar ta ba ki amsa. Mutanen ne ba su yarda da ke ba tukuna. Ki yi tunanin dalili."

Dalilin wata tsohuwa ce ta gaya mata shi. Iya Tani daga wani ƙauye a bayan Kufena ta zo birni bayan rasuwar mijinta, tana haya a wani ɗaki a gindin ganuwa, tana yawo gida-gida da ƙwaryar daddawa. Rahmatu ta sa ta a gida na goma. Ta same ta tana mulmula daddawa a kan faifai, ta gaishe ta, ta yi mata bayanin aikin.

Iya Tani ta ce, "Ni ba ni da maigida, ba abin da zan ɓoye. Amma 'yata, zan gaya miki gaskiya. Kina yawo da takarda kina tambayar mata abin da ke da kanki ba za ki amsa ba."

"Kamar yaya, Iya?"

"Ni da hantsi nake shiga gidaje. Takalmin namiji a bakin ƙofar ɗaki da hantsi, ranar Talata, ranar Laraba, na san abin da yake nufi. Na gan shi a gidaje da yawa. Na gan shi a naki tun kafin damina. Wane irin hutu ne ake shuka gero a girbe bai ƙare ba?"

Rahmatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta sunkuyar da kai tana kallon ginshiƙan da ta ja.

Tsohuwar ta sassauta murya. "Ban faɗa wa kowa ba, ba kuwa zan faɗa ba. Amma su ma suna da ido. Suna ganin ke malama ce mai albashi, kin zo ki rubuta talaucinsu ki kai wa 'yan boko, naki kuwa kin bar shi a gida a rufe."

Washegari da safe, bayan yara sun tafi makarantar allo, Rahmatu ta zauna kusa da Ja'afaru ta gaya masa aikin da aka ba ta. Ta roƙe shi ya bar ta ta faɗa wa mace ɗaya ko biyu halin da suke ciki, don su ma su saki jiki.

Ya ce, "Ni za ki kai makaranta a yi karatu a kaina?"

"Ba suna a ciki, Malam."

"Ba suna, amma ga bakin mata. Kin san abin da ake cewa a kan wanda aka sallama? Ko ya yi sata, ko ya zagi manaja. Ina da wa a unguwar nan, ina da 'ya'ya. Na ce a'a."

Ta bar maganar. Ta ci gaba da shiga gidaje tana rubuta "sai alheri", har ta fara tunanin ta miƙa aikin haka nan ta karɓi duk makin da aka ba ta.

Gida na goma sha huɗu na Mairo ne, ƙawarta tun suna 'yan mata, matar Audu direban babbar mota a wani kamfanin gine-gine. Rahmatu ta yi sallama ta ji shiru, ta ɗaga labule ta tarar Mairo tana cusa kaya a cikin ƙunshi, ido ya kumbura.

"Gidanmu zan tafi," in ji Mairo. "Na gaji. Mutum ya wuni bai yi mini magana ba. In na kawo abinci ya ture. In yaro ya yi dariya ya daka masa tsawa. Ya fita ta lungun baya, ban san inda yake zuwa ba, salla ma ba a nan yake yi ba. In ba wata ya samu a waje ba, to ni ce ya tsana."

Rahmatu ta zauna a kan tabarma. Kowace kalma da Mairo ta faɗa, ta san ta kamar a ɗakinta aka ɗauko. Ta tuna alkawarin da ta yi. Ta kuma dubi ƙunshin nan, da yarinyar da ke barci a gefensa. Ta rufe littafin ta tura shi ƙarƙashin mayafi.

"Mairo, tun yaushe rabonsa da zuwa aiki?"

Mairo ta kawar da kai. "Gyaran mota ake yi."

"Nawa kuma hutu yake yi. Wata bakwai ke nan. Shi ma yana ture abinci. Shi ma ta lungun baya yake fita."

Mairo ta juyo ta zuba mata ido. Sannan ta zauna a kan ƙunshin ta sa kuka, amma ba irin na ɗazu ba. Ta ce tun watan azumi kamfanin ya kwashe motocinsa ya rufe yadi, Audu ya rantsar da ita kada ta faɗa. Ita kuma da ta ga fushin ya ƙi ƙarewa, sai ta fara zargin kanta.

Rahmatu ta ce, "Ba ke ya tsana ba. Kunyarki yake ji. Ki ba shi mako biyu kafin ki yanke shawara."

Mairo ba ta tafi ba. Rahmatu ba ta san abin da ya gudana tsakanin matan unguwa bayan wannan ba, ita dai ba ta kai maganar ko'ina ba. Amma a cikin makon sai ga aike daga gida na uku, wai in ta samu sarari ta sake leƙowa, akwai abin da aka manta ba a faɗa mata ba. Sai gida na bakwai. Sai na farko. Wata ma a bakin famfo ta tare ta, ta ce a hankali, "Ki gyara abin da kika rubuta a kanmu." Akwai gida biyu da har ƙarshe suka tsaya a kan sai alheri, ta bar su a haka.

Da ta gama, ta ƙirga. A gida ashirin, goma sha ɗaya akwai namijin da ya rasa aiki a cikin shekara biyu: ma'aikatan masaƙa uku, direbobi biyu, masinja, akawu, birkila biyu, mai gadi, da wani mai haɗa wayar lantarki. Ta ɗauki biro ta ƙara layi ɗaya a ƙasa, ta rubuta gida na ashirin da ɗaya, makanikin injin saƙa, shekara goma sha ɗaya a bakin aiki.

Ranar Alhamis da hantsi, da yake ba makaranta saboda hutun rabin zango, ta shiga ɗaki da takardar. Kafin ta nuna masa sai da ta fara da laifinta.

"Malam, na karya alkawarinka. Na faɗa wa mace ɗaya. Aurenta ne zai mutu a gabana, na kasa yin shiru. Ka yafe mini."

Ja'afaru ya miƙe tsaye. Ya faɗi maganganu masu zafi, ya ce ta tona masa asiri, ya ce ilimin da ke sa mace ta raina maganar mijinta ba ilimi ba ne. Da ya gaji ya koma ya zauna, sai ta ajiye takardar a kan gwiwarsa ta fita tsakar gida ta kama wanki.

Ta wanke riga uku kafin ya kira ta. Ta same shi ya shimfiɗa takardar a kan akwatin ƙarfen nan, yana bin layukan da yatsa.

"Wannan duk a Magajiya ne?"

"Duk a nan ne. Daga famfo zuwa gindin ganuwa."

"Goma sha biyu a cikin ashirin da ɗaya."

"Har da mu."

Can ya ce, kamar da kansa yake magana, "A masaƙa, in inji ɗaya yana tsinka zare, injin muke kwancewa. In layi guda ne duk suke tsinkawa, ba mai taɓa inji. Sai a je a duba zaren da aka kawo, ko wutar da ke shigowa." Ya ɗago ya dube ta. "Abin da ake koya muku ke nan?"

"Kusan haka malamarmu ta ce. Ita da ɗige-ɗige ta yi nata."

"Su wane ne?"

"Ba zan faɗa ba. Sharaɗin aikin ne."

Ya sake duban takardar, ya tsaya a kan layin wani direba. Sai ta ga gefen bakinsa ya motsa, abin da ta yi watanni ba ta gani ba.

"Ba sai kin faɗa ba. Masallacin Ƙofar Kuyambana da nake zuwa, kullum sai na ga Audu a sahu. In mun haɗa ido ya ce wai wani ya zo gani a unguwar. Ni ma in ce wani na zo gani. Akwai Abdullahi akawu, shi kullum wai hanya ce ta biyo da shi. Mu wajen biyar ne, kowa yana ganin wani."

Bai ce ya yafe mata ba a ranar. Amma ya ci abincin rana.

Abin da ya faru a masallacin, daga baya ya ba ta labari. Bayan an sallame azahar ya jira Audu a wurin takalma, ya ce masa, "Audu, ni ba wanda na zo gani. An sallame ni tun kafin damina." Audu ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Ya dubi hagu ya dubi dama, sannan ya ce, "Ni tun azumi." Abdullahi akawu yana bayansu yana ji, ya wuce kamar bai ji ba, ya yi taku goma ya dawo. Su uku suka tako gida tare, ta babbar hanya.

Mafi wuya shi ne dakalin Malam Jumare. Shi wan nasa tsohon ma'aikacin hukuma ne mai kiyaye mutuncin gida, wanda bai saba a kawo masa magana a gaban mutane ba. Ranar Juma'a bayan la'asar Ja'afaru ya je ya gaida dattawa, ya zauna a inda ya saba zama. Wani ya ce, "Ɗan Kaduna, hutu ya yi daɗi." Ja'afaru ya ce, "Ba hutu ba ne, Alhaji. Aikin ne ya ƙare. Mu ɗari uku da wani abu aka sallama rana ɗaya." Ya zaro takardar kamfanin ya miƙa wa wansa.

Malam Jumare ya sa tabarau ya karanta, ya ninke ta. Sai da mutane suka watse, sannan ya ja ƙanen nasa cikin zaure.

"Na san ba hutu kake yi ba tun wata na biyu. Da na ga kana ɓuya, sai na ɗauka wani abin kunya ka aikata. Na yi ta jiran ranar da 'yan sanda za su zo. Allah ya yafe mini wannan zato."

"Ni na jawo, Yaya."

"Ƙaddara ce, kowa da tasa."

"Ƙaddara ce. Amma ba tawa ce ni kaɗai ba. A unguwar nan mun fi goma."

Malam Jumare ya yi mamaki ƙwarai, don yana ganin ba abin da ke faruwa a Magajiya bai sani ba. A makon da ya biyo baya shi da kansa ya yi wa liman magana, liman ya taɓo batun bayan sallar asuba ba tare da ya ambaci kowa ba. Ya ce wanda aka rufe wa ma'aikata bai yi abin kunya ba, kuma maƙwabcin da ya sani ya yi shiru yana zato shi ne ke da abin dubawa a kansa.

Ba a mayar da kowa aiki ba. Masaƙar ma a shekarar da ta biyo baya ƙara rage mutane ta yi. Abin da ya canza shi ne mutanen sun fara zama wuri ɗaya, a tsohon zauren Malam Jumare da ba a amfani da shi, duk ranar Lahadi da safe. Farko su huɗu, daga baya su takwas. A nan aka gano cewa surukin birkila ɗaya yana da fadama a wajen Kufena ba mai noma ta, sai uku daga cikinsu suka kama lambun albasa da tumatir da rani. Abdullahi akawu ya ji labarin wata makarantar kuɗi a Tudun Wada da ke neman mai buga tafireta. Audu ya samu motar wani ɗan kasuwa yana kai hatsi kudu, Mairo tana nan a ɗakinta. Akwai kuma waɗanda abin bai yi wa amfani ba. Mai gadin nan ya ƙi zuwa ko sau ɗaya, daga baya ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauye. Aure ɗaya ya mutu duk da ƙoƙarin da aka yi.

Shi Ja'afaru, Rahmatu ce ta nuna masa shafin da ta rubuta abin da idonta ya gani. Ta ce, "Dubi yawan masu ɗinki a unguwar nan, ga teloli a kasuwa. In kekensu ya lalace sai sun ɗauka har Sabon Gari." Ya ce keken ɗinki ai wasan yara ne a wurin wanda ya kwance injin saƙa. Ta ce to ya gwada wasan. Ya buɗe akwatin ƙarfe ya fito da sifanu da sukudireba, ya kafa tebur a gefen zauren. Keken farko da ya gyara na Mairo ne.

Ranar da Rahmatu ta gabatar da aikinta a aji, ta faɗi adadin, ta faɗi yadda amsoshin farko suka bambanta da na biyu, ta kuma faɗi cewa gida na ashirin da ɗaya nata ne, da izinin mai shi. Malama Ladi ba ta yaba mata da yawa ba. Ta ce gida ashirin da ɗaya ba su isa a yi hukunci a kan birni ba, kuma mata kaɗai ta tambaya, ba a ji daga bakin mazan ba. Ta ce mai bincike da ya saka kansa a cikin bincike dole ya yi hattara kada ya riƙa ganin gidansa a kowane gida. Sannan ta juya ga sauran ɗalibai ta ce, "Amma ku lura da abu ɗaya. Matsalar tana nan tun kafin ta ƙirga. Ba ta zama ta unguwa ba sai ranar da mutanen suka san junansu."

Bayan wata biyu, wata Asabar da hantsi, tasi ta tsaya a bakin lungu. Malama Ladi ta fito rungume da kan keken ɗinki a cikin daro, an rufe shi da tsohon zane. Rahmatu ta tare ta, ta kai ta zauren.

"Malam, ga malamarmu."

Ja'afaru ya goge hannu ya ba ta kujera. "Sannu da zuwa, Malama. Ashe ke ce mai ɗige-ɗige."

Ta yi dariya. "Kai kuma mai zare da wuta, Rahmatu ta ba ni labari. Na ari misalinka, na ba 'yan ajin bana. Sun fi gane shi a kan nawa."

Ta ce keken na mahaifiyarta ne, tun zamanin da tana ɗinka wa 'yan makarantar Wusasa riguna, yanzu ya fi shekara biyar yana cin zare. Ja'afaru ya juya hannun keken yana saurare, ya buɗe ƙasan ya leƙa.

Yana cikin dubawa ya ce, "Matata ta ce kin ce ba a ji daga bakin maza ba. Mun yi maganar a nan ranar Lahadi. In za ki rubuta mana tambayoyin, ni da Audu za mu zaga unguwa biyu na kusa. Akwai irinmu a can, muna ganinsu."

Ta ce, "Tambayoyin, ku za ku tsara su, kun fi ni sanin wadda mutum zai iya amsawa. Ni sai in duba muku. Amma sharaɗin bai canza ba, ba suna."

"Mun sani." Ya zaro wani ɗan ƙarfe ya ɗaga shi wajen haske. "Ga abin da ke damunsa, ya cinye. Zan samo sabo a Sabon Gari. Ki aiko ranar Talata, in Allah ya so ya gama."